Murya ta Uku

Malam Munzali ya gane mutumin tun kafin ya buɗe ƙofa. Ta ɗan ramin leƙe ya gan shi tsaye a hawa na goma sha huɗu, da leda a hannu, yana gyara zaman hularsa kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Direban tasin nan ne na garin Laurel, Yacouba, wanda ya riƙa kai Zeinabou asibiti wankin ƙoda a shekararta ta ƙarshe, Litinin da Laraba da Juma'a. Yau wata goma sha ɗaya da rasuwarta. Masu ta'aziyya sun daɗe da ɗaukewa, kuma a shekara saba'in da bakwai Malam Munzali ya riga ya lura cewa wanda ya zo gidan mamaci bayan arba'in, buƙatarsa ce ta kawo shi.

Ya buɗe, amma bai matsa daga bakin ƙofar ba sai da gaisuwa ta kai rabi.

"Ina gajiya, Malam? Ya haƙuri?"

"Haƙuri yana nan inda kuka bar shi. Shigo."

Yacouba ya cire takalmi ya jera su a gefe, ya ƙi kujera ya zauna a kan kafet. Mutum ne mai jiki, furfura ta fara cin gemunsa. Ya tura ledar gaban Malam: kilishi ne da dabino, an ce daga gida aka aiko. Malam ya dubi ledar ya kawar da kai. Ta taga ana hango motoci suna jan jiki a kan babbar hanyar da ta ratsa Alexandria ta ƙasar Amurka, duk da Asabar ce, duk da ko azahar ba ta yi ba.

"Wata mai kamawa zan koma Damagaram," in ji Yacouba. "Gaba ɗaya. Bayana ya gaji da kujerar mota."

"Allah ya kai ka lafiya. Sallama ka zo yi?"

"Da sallama, da roƙo." Ya ɗan yi gyaran murya. "Kaset ɗin Baba Madagaska nake so in maida gida."

Malam Munzali ya cire tabarau ya shiga goge shi da bakin riga, abin da yake yi ke nan idan yana son fuskarsa ta yi shiru.

Baba Madagaska shi ne mahaifin Zeinabou. Boubacar sunansa na yanka, mutumin unguwar Birni a Damagaram. Faransawa suka ɗebe shi soja yana saurayi, suka kai shi tsibirin Madagaska, wanda yake hannunsu a lokacin. A watan Mayun 1942 Ingilishi suka sauko daga teku suka far wa tashar jiragen ruwa ta Diego Suarez, wai don kada Japan ta riga su. Cikin kwana uku suka karɓe tashar, cikin wata shida suka gama da tsibirin. Turawa iri biyu suna kokawa a kan ƙasar da ba ta uban ko ɗayansu ba, baƙaƙe kuma a cikin ramuka kamar kullum. Boubacar ya shiga hannun Ingilishi, ya dawo gida bayan yaƙi da lambar girma a ƙirji da sunan tsibirin a kansa.

A 1988, lokacin Malam yana koyar da tarihi a Zariya, ya ba Zeinabou rikoda da jerin tambayoyi a takarda, ta tafi ganin gida ta ɗauko maganar tsohon. Kaset guda ne, mai minti casa'in. Tsohon ya rasu a shekarar da ta biyo. Tun daga nan Malam yake rubuta littafi a kan cin Madagaska daga bakin sojan da aka ci. Ya taho da littafin Amurka, ya yi shekara ashirin da shida yana fassara wa wani kamfani takardun da ba mai karantawa, ya yi ritaya, littafin yana babi na huɗu.

Akwai wadda ta san da kaset ɗin. Dakta Constance, malamar tarihi a jami'ar da ke College Park, ta rubuto wasiƙa uku, ta zo da kanta sau ɗaya da kek a kwali. Tana so a sa muryar a na'ura, a ajiye a ɗakin adana tarihi don amfanin duniya. Malam ya karanta littattafanta biyu, ya san yadda duniya take amfana: a saka tsoho a ƙasan shafi da ƙananan baƙaƙe, a saka sunan mai digiri a bango. Ya ci kek ɗin ya ce a'a. Ya kuma san tana da ɗalibai 'yan Nijar, ɗalibai kuma suna hawa tasi.

Bayan haka akwai wasiyya. Kwana huɗu kafin ta cika, Zeinabou ta kama hannun rigarsa ta ce, "Malam, kaset ɗin Baba kada ya bar hannunka sai zuwa hannun jinin gidan." Ya amsa ba tare da wata wahala ba. 'Ya'ya biyu tsohon ya haifa, duka mata. Ɗayar, Fatouma, ta rasu ba ta bar baya ba, shi da Zeinabou kuma shekara arba'in da bakwai Allah bai ba su ba. Jinin gidan ya ƙare a kan gadon asibitin nan. Ya ɗauki wasiyyar kyauta ce aka yi masa cikin ladabi.

Ya maida tabarau.

"Me ya haɗa ka da Boubacar?"

"A gidansa na tashi, Malam."

"Awaki ma a gidansa suka tashi. Jini nake tambaya."

"Akwai jini."

"Ta ina?"

Yacouba ya dubi zanen kafet. "Ta inda Allah ya haɗa."

"Allah ya haɗa mu duka ta wurin Annabi Adamu. Tsohon nan da bakinsa ya ce bai haifi namiji ba. Ba shi da wa, ba shi da ƙane, annobar sanƙarau ta kwashe su. Shekara talatin da shida ina nazarin gidan nan, na san shi fiye da gidan ubana. Ba ka a ciki."

"Malam ya fi ni sani."

"Na fi ka. Bari in ƙara maka. Wata goma kana ɗaukar matar nan. Mace ce da ba ta wuce mai shara a lifta ba ta gaishe shi. Ta san sunan kowace nas a ɗakin wankin, Edna, Olive, har da sunayen 'ya'yansu da karnukansu. Kai ko ina kwana ba ta taɓa ce maka ba. Idan za a tsaya kantin magani, ni take juyowa ta ce wa, a ce ya tsaya. Sau ɗaya na tambaye ta ko a sake direba, tunda jininku bai haɗu ba. Ta ce a bar shi, ya san hanya. Yanzu ka zo ka ce mini kai ɗan gidansu ne?"

"Haka aka yi, Malam."

"To?"

"To haka aka yi."

Malam ya jingina. Ya tuna cewa ita ce ta kawo lambar mutumin a 'yar takarda, ta ce wata mata ce ta ba ta a masallaci. Ya kuma tuna yadda shi kansa yake cika motar da surutu a cunkoson hanya, yana yi wa tagogi lacca a kan Madagaska saboda shirun matarsa yana damunsa. Direba kunne ne mai lasin. Wata goma sun ishi ko kurma ya haddace sunan kaset.

"Shi ke nan," in ji shi. "Ɗan gida ya san labarin gida. Yaya aka kama tsohon?"

Yacouba ya gyara zama ya fara, da muryar mai karanta abin da aka saba ji. Kwana uku suna riƙe da ganuwar bakin gari. Harsashi ya ƙare. Baba ya tsaya da wuƙar bindiga har sai da Anasara shida suka taru a kansa. Kumandan Faransi da kansa ya rataya masa lambar bayan yaƙi, kuma duk ranar bikin mazan jiya yakan saka ta ya zauna a sahun gaba.

"Shida," in ji Malam. "A zamanina huɗu ne. Suna haihuwa." Ya yi 'yar dariya ta hanci. "Wannan ko mai tallan gyaɗa a Birni zai ba ni shi kyauta. Ka gaida Dakta Constance. Ka ce mata ta ƙara wa ɗalibinta karatu."

"Wace ce Constance?"

"Amsa mai kyau. Ita ta koya maka, ko taka ce?"

Yacouba ya dafa gwiwa ya miƙe a hankali, irin miƙewar mai ciwon baya, ya yi godiya, ya roƙa wa mamaciya rahama. A bakin ƙofa ya sunkuya yana saka takalmi. Bai juyo ba, kamar da igiyar takalmin yake magana, ya ce:

"Ina gajiya, in ji Bature. Ba gajiya, in ji Baba. Kwana biyu ana yi musu ruwan wuta, ƙafarsa duk ƙaya, amma ya ce ba gajiya."

Malam Munzali ya ɗago kai da sauri.

Wannan maganar tana gefe na biyu na kaset ɗin. Ba ta cikin babi huɗun nan. Bai taɓa faɗa wa Constance ba, bai taɓa faɗa a mota ba, don Zeinabou tana zaune a gefensa, kuma saboda wannan wurin ne ta hana kaset ɗin fita. Wuri ɗaya take a rubuce, cikin littafin da ya kwafe hirar da hannunsa, a aljihun tebur, a kulle. Nan take ya shiga lissafa masu shiga gidan. Abby mai goge-goge tana zuwa ran Alhamis, amma ba ta jin Hausa. Sai dai waya tana ɗaukar hoto, hoto kuma ba ya buƙatar jin Hausa. Makullin yana cikin gwangwanin shayi. Wa ya san da haka? Duk wanda ya taɓa dafa shayi.

"Cire takalmin," in ji shi. "Ina wayarka?"

Yacouba ya ciro ta daga aljihu.

"Kai ta kicin. Akwai tukunyar shinkafa a kan murhu, ba wuta. Saka ta ciki ka rufe."

"Cikin tukunya, Malam?"

"Ba komai a ciki sai ƙanzo. In kana da ta biyu, ita ma."

"Ɗaya ce. Ita ma da kyar take caji."

Malam ya bi shi har kicin ya ga an rufe murfin. Sannan ya shiga ɗakin karatu shi kaɗai, ya ɗauko rikodar da littafin kwafin, ya ciro kaset ɗin daga cikin safar da yake naɗe shi. Rubutun Zeinabou yana jiki, da biro shuɗi da ya koma toka: Baba, Birni. Ya ajiye rikodar a kan tebur ta gefensa, inda hannun baƙo ba zai kai ba, ya juya gefe na biyu, ya danna.

Aka fara jin shuuu, da kukan zakara can nesa, sai muryar tsoho, busasshiya, mai jan numfashi tsakanin kalmomi.

"...rana ta biyu da asuba laftanan ya aike ni ɗebo ruwa. Ni kaɗai, da bido biyu, jarkokin nan na ruwa. Na gangara cikin ciyawa, ciyawar can ta fi mutum tsawo, kawai na faɗa tsakiyar Ingilishi. Na yar da bido na ɗaga hannu, na yi shahada. Sai wani ja, hancinsa duk ya saɓule da rana, ya zo ya tsaya yana kallon zanen fuskata. Ya ce, sannu da aiki. Na ce ko na riga na mutu ne. Ya ce, ina gajiya? Na ce, ba gajiya. Ya ce, ina mutanen gida? Na ce lafiya lau, alhali shekara uku ban ji labarinsu ba. Hausar Kano, tsab. Ashe ya daɗe da sojan Najeriya. Ni kuwa a kamfaninmu Bambara ne da Mosi, shekara uku in na yi Hausa to da kaina nake yi. Ya ba ni taba. Ya tambaye ni Sarkin Damagaram. Sannan ya ce, ɗan'uwa, mu baƙi ne, wace hanya ce ke zagayawa ta bayan ganuwar can?"

Tsohon ya yi tari. Wata mace ta ce, sha ruwa, Baba.

"Na nuna masa. To me zan yi? Baƙo ya gaishe ni, ya tambayi gidana, ya tambaye ni hanya. In ce ban sani ba? Laftanan ɗinmu shekara uku bai san sunana ba, lamba yake kirana. Na shige gaba suka biyo ni..."

Malam ya danna tsayawa. Ya bincika littattafan Ingilishi da na Faransa kaf, ba wanda ya ambaci wani ɗan Damagaram da bido biyu, kuma ba mamaki da shi da ba shi garin zai faɗi. Amma a Birni, inda tsohon ya yi shekara arba'in a sahun gaba, wannan minti biyun sun isa su tone kabari.

Ya dubi baƙon. Yacouba ya sunkuyar da kai, hannayensa a kan gwiwa.

"Wanda ya ga hoton shafi zai iya haddace gaisuwa," in ji Malam. "Me ke biye?"

"Wani marar kunya zai sa baki."

"Ya ce me?"

"Ya ce, to Baba, lambar da kake ratayawa fa, ta wane ne, ta Faransi ko ta Ingilishi? Baba ya ce, ta ƙafata ce, ita ta yi tafiyar."

Malam ya danna. Muryar saurayi ta fito, mai kauri, da dariya a ƙarƙashinta, ta faɗi maganar kalma da kalma. Tsohon ya ba da amsarsa, aka yi dariya a tsakar gida. Malam ya sake tsayarwa. Wannan ma yana cikin kwafin, shafi na sittin da ɗaya. Bai tabbatar da komai ba sai cewa an ɗauki hoton shafi biyu.

"Sai me?"

Yacouba ya dubi rikodar.

"Sai ta yi magana."

"Ta ce maka me?"

"Ba da ni ta yi ba."

Abin da ke biye ba ya cikin kwafin. Malam bai rubuta shi ba saboda ba tarihi ba ne, hayaniyar gida ce, a wurin sai ya sa ɗigo uku ya wuce. Ya riƙe yatsarsa a kan maɓallin.

"Faɗi."

"Ta ce da Inna Fatouma a gaya wa wancan ya rufe bakinsa. Kuma akwai fura."

Ya danna. Muryar Zeinabou ta cika falon, tana da shekara talatin da takwas, ba ciwo a cikinta ko kaɗan.

"Fatouma, gaya wa wancan ya rufe bakinsa, magana ake ɗauka. Ki ce kuma akwai fura a ƙwarya ƙarƙashin gado, tun safe bai sa komai a cikinsa ba."

Malam ya tsayar da rikodar. Ya ji wannan wurin ya fi sau ɗari. Tun rasuwarta ma shi yake nema, yana tsallake Diego Suarez da jiragenta don ya ji ta ce Fatouma. Ya buɗe littafin kwafin a shafi na sittin da ɗaya. Ga rubutunsa na lokacin ƙuruciya, tsaf-tsaf: Murya ta uku, namiji, ba a san ko wane ne ba. Ya tuna ya tambaye ta a Zariya, da biro a hannu. Ta ce, wani ne a gidan, ta tashi ta tafi duba tukunya.

Wancan. A ce ya tsaya. A bar shi, ya san hanya.

Matar da ta san sunan karen nas. A shekara arba'in da bakwai mutum biyu ne kawai bai taɓa jin ta kama sunansu ba. Ɗaya shi ne, mijinta, Malam. Ɗayan kuma ga shi zaune a kan kafet da safa mai huji a babban yatsa.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne ba sai an buɗe littafi ba. Shi kansa ɗan fari ne. Mahaifiyarsa a Katsina ta rayu ta mutu ba ta taɓa cewa Munzali ba, ba ta taɓa kallonsa ido cikin ido ta yi masa magana ba. A wurin kakarsa ya tashi, yana kiran uwarsa Yaya. Idan ya zo hutu daga makaranta, sai ta ce da ƙanwarsa, a tambayi wancan ko ya ci abinci, alhali yana tsaye taku biyu daga gare ta. Ya taɓa yin awa guda yana yi wa ɗalibai bayanin kunyar ɗan fari, da misalai daga ƙasashe uku. Ya kuma san Zeinabou bazawara ce lokacin da ya aure ta, mijin farko ya mutu a hanyar Agadas. Bai tambayi komai bayan haka ba. A lokacin ya ɗauka wannan wayewa ce.

"Shekararka nawa?"

"Hamsin da bakwai."

Shekara tara kafin aurensu. Malam ya yi lissafin sau biyu, don mai tarihi ba ya yarda da shaida ɗaya. Ya nemi ta biyu, sai ya ga ba shi da inda zai duba sai fuskar mutumin, kuma wata goma ƙeyarsa kawai ya yi ta kallo. Ya duba yanzu. Goshin yana nan, da ɗan ramin nan na haɓa. Bai ji daɗin samun su ba.

Idonsa ya tafi kan kantar littattafai ta uku, inda wani ƙaton littafin yaƙin duniya yake tsaye. A cikinsa akwai takardar wani likita ta 1981, ninki huɗu, wadda ta faɗi a sarari daga wane ɓangare rashin haihuwar yake. Ya karanta ta shi kaɗai ya ajiye. 'Yan'uwansa mata sun yi shekaru suna kiran Zeinabou juya, a bayan idonta da farko, daga baya a gabanta, a wurin suna da wurin biki. Shi kuma yakan ce a bar wa Allah, ana yaba masa haƙuri. Ashe duk lokacin nan amsarta tana Damagaram tana shan fura. Kalma ɗaya za ta faɗa kowa ya juyo ya dube shi.

"Ita ta ce kada ka gaya mini?"

"Ba ta taɓa ce mini komai ba, Malam. Inna Fatouma ce ta ce an ce."

"An ce me?"

Yacouba ya shafa gemu. "An ce Malam mutum ne mai karatu. A bar shi da natsuwarsa."

Malam Munzali ya gyaɗa kai. A rayuwarsa an zage shi da Turanci da Faransanci, a mujalla da a taro, ba wanda ya iya shi kamar wannan.

"A motar fa? Wata goma. Ko sau ɗaya?"

"Takan duba madubi in ta ga kana barci. Ni ma in duba. Shi ke nan." Ya ɗan yi murmushi. "Ranar da na yi aski ta ce maka wanzaman ƙasar nan ba su iya aiki ba."

"Na tuna. Na ɗauka da ni take."

"Da kai take, Malam. Kai ne Fatouma a ranar."

Malam ya ji dariya ta taso masa, ya danne ta, ta fito tari. Ya ɗauki biro ya ja layi ɗaya a kan ba a san ko wane ne ba. A samansa ya rubuta Yacouba, ya tsaya, ya ƙara: ɗan Zeinabou.

Ya ciro kaset ɗin daga rikoda. Zaren ya ɗan saki, ya zura biron a ramin ya juya har ya ɗaure, ya naɗe shi cikin safar. Ya riƙe shi. Babi na biyar, wanda ya yi shekara talatin yana zagaye, shi ne wannan minti biyun na cikin ciyawa, kuma yanzu ya san mai ikon cewa a rubuta ko a bari ba ya zaune a kujerarsa.

"Mutanen Birni za su ji?"

"Birni tana da Anasaranta shida, sun ishe ta. 'Ya'yana ne za su ji. Babbar sunanta gare ta."

"Kana kiran sunan?"

"Haba Malam. Ummi muke ce mata."

Malam ya miƙa safar da hannu biyu. Yacouba ya karɓa da hannu biyu, ya saka a aljihun ƙirji, ya dafe wurin. Jirgin sama ya wuce ƙasa-ƙasa ta wajen kogi, gilashin taga ya yi 'yar rawa.

"Akwai abu ɗaya," in ji Malam, yana kallon rikodar da ta zama fanko. "Wasiyya ta ce jinin gidan. Ni ba jinin gidan ba ne, auren gidan na yi. Saboda haka sai da izininka." Ya goge tabarau, ya ga ba abin gogewa, ya maida. "An ce ana iya ɗaukar murya a waya. Ba duka nake so ba. Madagaska na haddace ta, Ingilishi su riƙe abinsu. Daga inda ta ce Fatouma zuwa inda ta ce cikinsa."

Yacouba ya dube shi, karo na farko ido cikin ido.

"Kawo wayarka, Baba."

"Tawa ba ta yin komai sai ƙara. Da taka za ka ɗauka ka turo mini, ka nuna mini inda ake dannawa."

"Tawa tana cikin tukunya."

"Na san inda take," in ji Malam Munzali. Ya dafa hannun kujera ya tashi. "Zauna. Ni na sa aka saka ta, ni zan ɗauko. Akwai sauran shinkafa a firij. Tun safe ka sa wani abu a cikinka?"